Rediyona na jan hannu, ƙasar gidanmu kuma dutse ce

Ɗan Birni: Assalamu alaikum. Ina da rediyon sadarwa mai wat 100 a ɗakina, eriyar kuma waya ce da na ja daga saman soro zuwa dogon yaron tsakar gida. In na taɓa jikin akwatin ba takalmi, sai in ji kuran yana tsunkulina. Wayoyin gidan duk bibbiyu ne, babu ta ƙasa, wadda ke kai wutar da ta zurare cikin ƙasa. Na zo kafa sandar jan ƙarfe, ko kamu biyu ba ta shiga ba ta ci karo da dutse, kun dai san unguwar Birni a Damagaram. Wani ya ce in haɗa jikin rediyon da wayar nitir kawai, wato wadda wuta ke komawa ta cikinta. Ga damina tafe, ga yara na shiga ɗakin. Yaya zan yi?

Mai gyaran kuran, Zango: Wa alaikumus salam. Malam, don Allah kada ka haɗa da nitir. Ranar da ta tsinke a hanya, volt 220 zai hau jikin akwatin, wanda ya taɓa shi ne zai zama hanyar wuta. Famfon ruwa ma ba mafita ba ne, yawancinsu roba ne yanzu.

Tunda sanda ta ƙi shiga tsaye, kwantar da ita. Haƙa rami mai tsawo, zurfinsa iyakar inda dutse ya bari, ka shimfiɗa wayar jan ƙarfe tsirara mai kauri 25 mm², kamar mita goma, a gefen da ruwan wanka ke bi, don busasshen yashi ba ya ɗaukar wuta. Wayar da za ta shiga ɗaki ta zama gajera, ba naɗi, a ɗaure da kusa, ba murɗawa da hannu ba. Ka sa dijonkter diferansiyel na 30 mA, wato makunnin da ke yanke wuta da kansa da zarar ta zurare. Shi ne mai ceton yaran.

Baba na Sabon Gari: Mu da gishiri da gawayi muke cika ramin.

Mai gyaran kuran: Baba, gawayi da laka na yarda. Gishiri kuwa yana cin ƙarfen, ruwan sama kuma ya wanke shi.

5U mai sauraro (5U alamar kiran rediyo ce ta Nijar): Ƙari ɗaya, ɗan'uwa: wayar ƙasar rediyo da ta gidan, in an sa ta, duka a haɗe su wuri guda. Kuma babu ramin da zai tare maka aradu. Da ka ga hadari ya haɗo daga gabas, cire wayar eriya, ka fitar da bakinta waje nesa da ɗaki, ka zare fulogi.

Ɗan Birni: Na gode ƙwarai. Malam na Zango, kana da na'urar auna om ɗin ramin, wato yadda ƙasar ke ɗaukar wuta? In an haƙa ina so a gwada kafin a rufe.