Yarona ya tambaye ni ko shugaban ƙasa mugu ne, me zan ce masa?

Maman Walid:

Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema, abin kamar ƙarami amma tun shekaranjiya yake cin raina. Yarana uku, babban, Walid, shekararsa bakwai yana aji biyu na firamare, mai bi masa huɗu, sai ta goye wata tara. A Kano muke, gidan gandu ne, surukina na sashensa mu muna namu, to kullum bayan isha'i sai an shimfiɗa tabarma a tsakar gida, Baba da rediyonsa, maigida da ƙaninsa, kuma hirar ba ta wuce siyasa. Baba ɗan Buhari ne na gani kashe ni tun 2003, ranar da aka ce ya rasu a Landan a watan Yulin 2025 ko tuwon dare bai iya ci ba. Ƙanin maigida jar hula ne, shi kuma maigida Tinubu ya zaɓa a 2023 saboda maganar Musulmi da Musulmi, yanzu kuwa duk gidan ba wanda ya kai shi zafi a kansa. Yaran nan suna gefe suna wasa da murafen kwalba sai ka ɗauka ba sa ji, ashe duk naɗewa suke.

Wata safiya Walid ya ce Umma me ya sa yanzu shayinmu ba madara, kafin in buɗe baki babansa yana sa takalmi ya ce je ka tambayi Tinubu. Shikenan. Bayan kwana biyu ƙwallon ƙaninsa mai shekara huɗun ta fashe sai na ji ya ce Allah ya isa Tinubu, kawunsu har da riƙe ciki don dariya, ni kam wallahi gabana ne ya faɗi, yaron da ko fatiha bai gama riƙewa ba ya iya Allah ya isa. To shekaranjiya ina yi wa jaririyar wanka Walid ya zo ya tsuguna ya ce Umma shugaban ƙasa mugu ne? In mugu ne me ya sa malamin Islamiyya ya ce mu riƙa yi wa shugabanni addu'a, kuma me ya sa Abba ya zaɓe shi? Na ce masa miƙo min tawul, na bagarar da zancen. Ba na so in yi masa ƙarya in ce komai lafiya alhali da idonsa yake ganin an rage naman miya, kuma ba na so ya tashi da tsinuwa a bakinsa ko ya raina babansa. Ku da kuke da ƙananan yara ya kuke yi?

Abban Fatima:

Wa alaikumus salam Maman Walid. Ni dai ra'ayina ki gaya masa gaskiya daidai hankalinsa, yaran yanzu ba a rufe musu ido. Adaidaita sahu nake ja, ranar 29 ga Mayu 2023 da aka tsaya a dandalin Eagle Square aka ce tallafin mai ya tafi, litar fetur ba ta kai naira 200 ba, kafin mako ya zagayo ta haura 500, a watan Yuli ta kai 617 a wasu wurare, kafin ƙarshen 2024 mun sha ta sama da dubu. Da ina dawowa gida da magariba mu ci abinci tare da yara, yanzu kafin in haɗa balas ɗin mai mashin da kuɗin mai da na cefane sai goma na dare, in fita suna barci in dawo suna barci, ranar Juma'a kaɗai nake ganin 'yata ido biyu. Da ta tambaye ni me ya sa ba na zama a gida ce mata na yi mai ya yi tsada, ta ce wa ya sa masa tsada, na ce gwamnati, ta ce wace ce gwamnati na ce su shugaban ƙasa. Ina ƙarya a nan?

Kuma abin da ba zan manta ba shi ne yaran nan da aka kama lokacin zanga-zangar watan Agustan 2024, da yawansu 'yan Kano da Kaduna, aka riƙe su wata uku sannan aka kai su kotu a Abuja a farkon Nuwamba wasu suna zubewa a ƙasa don galabaita, sai da duniya ta yi ca sannan shugaban ƙasa ya ba da umarnin a sake su. Ranar na kalli ɗana na fari na kasa magana. Zagi dai ban yarda da shi ba, amma kar ki koya masa cewa shiru shi ne tarbiyya.

Malama Ummu Aisha:

'Yar uwa sannu, wannan abin kullum muna ganinsa a aji. Shekara goma sha ɗaya ina koyar da 'yan firamare a Zariya, kuma in kina so ki san jam'iyyar kowane gida ki tsaya bakin taga lokacin tara, za ki ji yaro ɗan shekara shida yana ce wa ɗan uwansa babanku ne ya jawo mana, har dambe na taɓa rabawa a kan haka.

Abin da na ga yana aiki shi ne ki raba masa kujera da wanda ke kanta. Ki ce masa shugaban ƙasa kamar monita ne na ƙasa duka, mutane ne suka zaɓe shi ya yi shekara huɗu, in ya yi daidai a ce ya yi, in ya yi kuskure a faɗa masa, in shekara huɗun ta cika a sake zaɓe. Yaro ɗan aji biyu ya san monita, ya san akwai mai rubuta sunan wanda bai yi surutu ba, ya san kuma ana canza shi. Maganar addu'a kuwa ki ce masa ai wanda ya riƙe sitiyarin motar da muke ciki dole mu roƙa masa Allah ya sa ya tuƙa daidai, ko muna jin haushinsa.

Wani abu da ya taɓa ni, a watan Mayun 2024 da aka dawo da tsohon taken ƙasa na lokacin samun 'yancin kai, mu malamai sai da muka rubuta a takarda muna dubawa a asambuli, yaran kuwa sati biyu suka haddace. Wata yarinya ta ce min Malama babana bai iya ba har yanzu wancan yake yi, wa ya fi gaskiya? Na ce mata duka biyun na ƙasarku ne. A nan na gane yara suna jin canjin gwamnati a jikinsu fiye da yadda muke zato. Sannan ki koya masa sunan gwamna da ciyaman da kansilan mazaɓarku, don rufin ajin da ke yoyo da asibitin sha ka tafi da ba magani, aikin jiha ne da ƙaramar hukuma, mu kuma komai sai mu ɗora wa Abuja su kuma na kusa su sha lagwada ba mai tambayarsu.

Baban Yusra:

Na san za a yi min ca amma bari in faɗa. Abban Fatima ina jin zafin da kake ji, ni ma ma'aikaci ne, albashin da aka ce mafi ƙanƙanta naira dubu 70 da aka sa wa hannu a Yulin 2024 kowa ya san ba ya kai iyali ƙarshen wata. Amma in za a gaya wa yaro gaskiya a gaya masa ita duka. A yaƙin neman zaɓen 2023 Tinubu da Atiku da Peter Obi duk sun ce za su cire tallafin nan, kuma kasafin kuɗin da Buhari ya bari iya watan Yuni ya tanadi kuɗinsa. Inda nake ganin laifin shi ne yadda aka yi shi rana ɗaya ba tanadin motocin haya ba komai, sannan a watan Yuni aka saki naira ta nemi kanta, dala daga wajen 460 ta je ta haura 1,500, duka biyu a lokaci ɗaya a kan talaka, madarar da yaron ke tambaya ai mafi yawanta shigo da garinta ake yi da dala. Kuma tun daga lokacin kason da jihohi ke karɓa duk wata ya ƙaru sosai, ina ya tafi?

Maman Walid ita tambayar ta ƙarshe, me ya sa Abba ya zaɓe shi, ba ke za ki amsa ba, babansa ne. Ya zaunar da shi ya ce masa na zaɓa ne da kyakkyawar niyya, abin bai zo yadda na zata ba. Ba abin kunya ba ne uba ya faɗi haka a gaban ɗansa.

Abban Fatima:

Malam Baban Yusra na yarda duk sun faɗa, amma wanda ya riƙe wuƙar shi ake tambaya yankan. Maganar gwamnoni kuma ban musa ba ko kaɗan.

Hajiya Kaka:

'Yata Allah ya yi miki albarka da kika damu, wata ko a jikinta. Jikata ce ta karanta min nake faɗa tana rubutawa. Mu mun goyi yara a 1984 lokacin da ake bin layi a sayi madara da sukari da sabulu soja na tsaye da bulala, Buharin da surukinki ke so shi ne a kan mulki a lokacin, mun ga tsuke bakin aljihun Babangida daga 1986, kowanne mun ce ba a taɓa yin irinsa ba. Ba ina raina wahalarku ba ne, ta yanzu ma mai tsanani ce.

Abu ɗaya, kar ki kuskura ki tunkari surukinki ko ƙanin miji da wannan maganar, ba huruminki ba ne, ki bari sai kun shiga ɗaki ke da maigidanki hankalinsa a kwance ki gaya masa abin da kika ji a bakin ɗan shekara huɗu, ba da faɗa ba, shi zai san yadda zai yi da 'yan uwansa. Allah ya isa ba kalmar wasa ba ce, kai ƙara ne wurin Ubangiji, yaron da ya saba da ita a kan shugaba gobe a kanki zai faɗe ta in kin hana shi alawa. Kuma da an idar da isha'i ki janye su ɗaki ki yi musu gatanan gatananku, tabarmar manya ba wurin yaro ba ce. Batun madara kuwa ki jiƙa waken suya ki surfe ki kai markaɗe ki tace ki dafa sosai, ko ki dama musu kunun gyaɗa da safe, ya fi wannan shayin ruwa riƙe ciki nesa ba kusa ba.

Maman Rabi Maraɗi:

Ina gaishe ku daga Nijar. Mu nan bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 da aka rufe iyaka aka yanke mana wutar da ke zuwa daga Najeriya, yarana sun yi wata da watanni ba su ga kakarsu ta Katsina ba sai bayan da aka buɗe a watan Maris na 2024, babbar kullum tambaya take wa ya rufe hanyar gidan Kaka. Ce mata na yi manya ne suka yi faɗa, kuma faɗan manya ba ya raba mu da dangi. Har yau in ta ji ana gardama a rediyo sai ta zo ta ce Inna ba za su sake rufewa ba ko.

Maman Walid:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa. Hajiya na bi maganarki, jiya da dare na yi wa maigida zancen, da farko ya ce ai wasa ne, da na maimaita masa tambayar Walid yadda ya yi ta sai ya yi shiru ya daɗe. Yau da safe shi ya kai shi makaranta a ƙafa, ban san me suka tattauna ba, amma da ya dawo da azahar ya ce min Umma Abba ya ce in na kai sha takwas ni ma zan yi katin zaɓe, saura shekara nawa? Muka ƙirga da yatsu, sha ɗaya. Malama na gwada misalin monita, ya ce to in monitan ya ƙi sauka fa, wannan na ce ya bari sai babansa ya dawo. Waken suya na jiƙa rabin kwano, Hajiya dan Allah minti nawa ake barinsa a wuta don kar ya yi gafi?