MFA ko MPhil? Ɗan baduku ne ke son koyar da fasaha a kwaleji

Ɗan Baduku (Aboabo, Kumasi):
Assalamu alaikum. Shawara nake nema. Na yi digirin farko a KNUST, jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi, a sashen da ake haɗa aikin fata da ƙarfe da yumɓu da saƙa. Bayan bautar ƙasa na samu koyarwa a wata sakandare, yau shekara huɗu ke nan. Babana baduku ne, a rumfarsa na tashi, tun ban san fensir ba na san basilla.

Aikin da nake yi yanzu ba shi da aji guda. Nakan sayi jar fata wajen majema in yi mata zayyana irin ta allon sauka, sannan in naɗi muryar tsofaffin Zango suna ba da labarin fataucin goro, in ɓoye ƙaramar lasifika a bayan fatar. Burina in koyar a kwalejin horar da malamai ko jami'a. To, wane digiri na biyu zan yi, MFA da ya fi karkata ga aikin hannu, ko MPhil da ya fi karkata ga bincike? Ina da mata da yara biyu, kuɗin da na tara ba zai ɗauki digiri biyu ba. Baba kuma kullum tambayarsa ɗaya ce: wane karatu ne ya rage a kan fata wanda bai koya mini ba?

Malama Ta-Asawase:
Wa alaikumus salam, ƙanena. A kwalejin malamai nake koyarwa. Tun 2018 da kwalejojin nan suka koma ba da digiri na shekara huɗu, abin da ake fara dubawa a takardun mai neman aiki shi ne ko digirinsa na biyu na bincike ne, wato wanda ya rubuta cikakken kundi ya kare shi. Shi ya sa yawancinmu muka bi ta MPhil. Ana yin sa a fannin koyar da fasaha a KNUST, ana kuma yi a jami'ar ilimi ta Winneba. Jami'a kuwa, in ba ka da digirin digirgir, a mataimakin malami za ka tsaya.

Kuma ka sani, a kwaleji malaman firamare da ƙaramar sakandare za ka horar, mutanen da gobe za a tura su ƙauyen da ko kwali babu. Ni abin da ya riƙe ni ke nan. Ranar da wata ɗalibata ta aiko mini hoton yaranta suna buga zane da ɓawon rogo da shuni, sai da na yi hawaye. In wannan bai motsa maka zuciya ba, aikin zai gundure ka.

Mai Buhu:
Yaya Malama, gaskiya kika faɗa, amma ki sake duba aikin da ya kwatanta. Wannan mutumin situdiyo ne, wato mai aikin hannu, MFA ce ta dace da shi. A sashen zane da sassaƙa na KNUST, tun da Farfesa kąrî'kạchä seid'ou ya sauya salon koyarwa, ba a tsare ɗalibi a kan fenti da ƙyalle. Daga nan ƙungiyar masu fasaha ta blaxTARLINES ta fito, har suka riƙa kai baje kolin ɗalibai gidan tarihin kimiyya da fasaha na Accra. Mai fasahar nan Ibrahim Mahama a nan ya gama MFA a 2013, da buhunan koko da gawayi na kasuwa, a 2015 aikinsa ya je babban baje kolin fasaha na Venice a Italiya, a 2019 ya buɗe cibiyar fasahar zamani ta SCCA a Tamale. Shahararren mai fasaha El Anatsui ma a Kumasi ya yi karatu, ya je jami'ar Nsukka ta Najeriya a 1975 ya shekara da shekaru yana koyarwa, hannunsa bai bar aiki ba. Ɗan'uwa, in ka shekara biyu kana raba takardun tambayoyi a makarantu don binciken MPhil, yaushe za ka taɓa fata? Ka je ofishin kwalejin da kake so da ƙafarka, ka tambayi magatakarda matsayin MFA a wurinsu kafin ka biya ko sidi ɗaya.

Alhaji Na-Sabon Zango:
Yaro, ni ban san waɗannan haruffa ba. Abu ɗaya zan ce. Dukawan da na sani muna samari, masu yin kube da laya da linzami, saura ƙalilan. Kowanne ka zaɓa, ka zauna da mahaifinka ka rubuta sunan kowane ɗinki da kowane rini daga bakinsa tun yana da ƙarfi. In ya ga kana rubuta maganarsa, tambayar nan tasa za ta faɗi da kanta.

Ɗan Baduku:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba Alhaji, jiya bayan la'asar na je rumfa da littafi, muka kai magariba a kan rinin karan dafi kaɗai. Malama, ranar Litinin zan je wurin magatakarda. In na ɗauki MPhil, za a yarda kundina ya zama a kan dukancin Zangon Kumasi da yadda za a koyar da shi a aji? Kuma ana iya haɗa karatun da aikina na sakandare, ko sai na nemi hutun karatu?