Neman kalmar Hausa: taimin da oktan na tsofaffin babura

Mai Shirin Rediyo: Assalamu alaikum. Ranar Asabar za mu ɗauki shiri kan tsofaffin babura masu kwantak, wato makunnin da ke buɗewa da rufewa don fulogi ya ba da tartsatsi, irin su Triumph da BSA da Norton na Ingila, da Honda CG125 na farko-farko, da yadda ake saita su su sha man yanzu. Dole rubutun ya isa hannun mai gabatarwa ranar Alhamis. Kalmomi uku suka tsaya mini: ignition timing, octane da knock. Na sa "taimin", "ƙarfin mai" da "inji ya buga". Malamai, a duba mini don Allah.

Bakaniken Panteka: Wa alaikumus salam. Fara goge na ukun. A gareji in an ce inji ya buga ko ya yi nokin, magana ta ƙare, sai a sauke inji. Abin da kake nufi ƙara ce da ake ji inji yana kan aiki, kamar an zuba tsakuwa a gwangwani ana girgizawa. Ana jin ta in babur ya yi zafi, kana babbar giya, gudu kaɗan, ka murɗa totur a hawa. Ni "ƙarar tsakuwa" zan ce. Taimin kuma kada ka bar shi tsurarsa, don akwai taimin cen, wanda na bawul ne. Ka ce "taimin wuta".

Injiniya: Na yarda da Oga. Na biyun ma kuskure ne. Oktan ba ƙarfi ba ne. Mai lamba 98 bai fi mai lamba 91 kuzari ba. Lambar tana auna yadda mai ke jure matsi da zafi ba tare da ya fashe da kansa ba. A ma'aunin, wani sinadari da ake kira aiso-oktan shi ne 100, heptan kuma 0. Fulogi ya ba da tartsatsi, wuta ta fara cin mai a tsanake, sai ragowar da ke can gefen silinda ya matsu, ya fashe gaba ɗaya kafin wutar ta iso shi. Wannan fashewar ce ƙarar. In ta daɗe tana farfasa bakin fistin, ta karya ringi. Shawarata "juriyar mai", lambar kuma "lambar juriya".

Malamin Hausa: Juriya ta yi, ko "haƙurin mai". Amma taimin ban yarda ba. Muna da ƙyastu tun kafin ashana ta zo ƙasar nan: ƙarfe da ƙanƙara, a ƙyasta, tartsatsi ya faɗa kan auduga. Aikin fulogi ke nan. Don haka fulogi "maƙyasta", taimin "sa'ar ƙyastawa". Rediyo ce ke raya kalma. In ta ari ta Turanci yau, an rufe ƙofa ke nan.

Bakaniken Panteka: Allah ya gafarta Malam, yaron da zai je Ƙofar Ruwa ya ce a ba shi maƙyasta, hannu rabbana zai dawo. Kuma "sa'a" mutane za su ji ta a matsayin dace, ko awa guda. Mu abin da muke aunawa digiri ne na juyin karanshaf kafin fistin ya kai ƙololuwa.

Ɗan Maradi: To ai mu nan buji muke cewa, ba fulogi ba, mai kuma esansi. In shirin zai tsallako iyaka, kalmar Turancin Ingilishi ba ta fi ta Faransanci hujja ba. Saboda haka nake bayan Malam, a samo wadda ta Hausa ce tsantsa, kowa ya huta.

Malamin Hausa: Madalla. Kun ji ko? Aro ya raba Kano da Maradi, Hausa ce za ta haɗa su. Kuma wa ya ce bakin gareji ne ma'aunin harshe? Jirgin sama da na'ura mai ƙwaƙwalwa wani ne ya fara faɗa, aka saba.

Bakaniken Panteka: Fetur da inji da babur da Malam ke rubutawa, duk na aro ne. Bakin gareji ba abin rainawa ba ne, mu ne ke kwana da abin a hannu.

Malamin Hausa: Ban raina kowa ba, Oga. Cewa na yi mai sana'a ya san ƙarfe, mai nahawu ya san ginin kalma, kowa da fagensa.

Mai Shirin Rediyo: A yi haƙuri, lokaci na tafiya. Ina kuma buƙatar advance da retard, da bayanin da mai sauraro zai iya aiki da shi.

Injiniya: "Gabatar da wuta" da "jinkirta wuta", wato sa tartsatsi ya zo da wuri ko ya makara. Dalilin maganar shi ne an ƙera waɗannan injuna lokacin mai mai dalma. A Ingila an daina sayar da shi a gidajen mai a 2000, Aljeriya ce ƙasa ta ƙarshe da ta bari, a 2021. Dalmar tana ɗaga juriya, tana kuma kare mazaunin bawul na salansa. Triumph Bonneville 650 littafinsa ya ce digiri 38 kafin ƙololuwa in wuta ta gama gabata, BSA A65 digiri 34, Norton Commando digiri 28. An rubuta waɗannan lambobi ne da mai mai juriya 97 zuwa sama a zuciya. Namu na nan yana wajen 90 zuwa 91, shi ya sa inji mai matsi 9 bisa 1 yake kuka da shi. A lura kuma, 87 da ake gani a famfon Amurka wani lissafi ne daban, ya yi kusa da 91 namu.

Bakaniken Panteka: Ga aikin. Kwantak ake fara saitawa, don tazararsa tana canza wuta: in ta buɗe da yawa wuta ta gabata, in ta tsuke wuta ta makara. A Triumph milimita 0.38 ce, a Honda 0.3 zuwa 0.4. Sai ka cire fulogi, ka juya inji har fistin ya hau a zagayen matsi, bawul duka a rufe. A Honda ka daidaita alamar F da ke jikin magneto da zanen da ke jikin kes. Daidai nan ya kamata bakin kwantak ya fara rabuwa. Ƙaramin ƙwan fitila da waya biyu zai nuna maka lokacin. Wannan saitin tsaye ne. Na gaskiya sai da fitilar taimin, inji na aiki, an ba shi wuta har wajen juyi 3,000 a minti zuwa sama. In ka fita gwaji ka ji ƙarar tsakuwa, sassauta sukurorin farantin kwantak, ka juya shi kaɗan ta inda kam ɗin da ke buɗe kwantak ke juyawa, wato ka jinkirta. Digiri 2 a lokaci guda, ka sake gwadawa. In ka kai 4 ƙarar ba ta tafi ba, matsalar ba ta wuta ba ce.

Injiniya: Daidai. Sai a duba baƙin da ya taru a kan fistin, ko kafireta na ba da mai kaɗan iska da yawa, ko fulogi mai zafi ne. A fulogin kamfanin NGK lamba babba ita ce mai sanyi, a na Champion akasin haka. A duba sifirin na na'urar da ke gabatar da wuta da kanta. A Triumph ɗin nan digiri 24 take ƙarawa kan 14 na tsaye, in sifirin ya saki wuta na gabata tun a silo, inji na aiki ba a murɗa totur ba, kik ya riƙa dukan ƙafa. Jinkiri in ya yi yawa shi ma ɓarna ne: babur ya yi nauyi, bakin salansa ya yi shuɗi, bawul ya ƙone. Man da aka haɗa da kananzir kuma juriyarsa ta faɗi, ba saitin da zai gyara shi. Mai mai etanol, irin E10 da Ingila ta koma wa a 2021, yana ɗaga juriya amma yana janyo ruwa, yana cin tsohuwar roba.

Ɗan Maradi: "Gabatar" da "jinkirta" za a gane su har Damagaram. Taimin ne dai ba za a gane ba.

Injiniya: To a ce "lokacin tartsatsi". Ba Turanci a ciki, kuma ya faɗi abin.

Malamin Hausa: Ya fi taimin, amma bai kai ƙyastawa daɗin baki ba. Na amince saboda Alhamis, ba don na janye ba. Maƙyasta kuma zan ci gaba da koyar da ita.

Bakaniken Panteka: Mai gabatarwa ya faɗi "lokacin tartsatsi, wato taimin wuta" sau ɗaya a farko, don yaran gareji su san inda aka dosa.

Mai Shirin Rediyo: Na gode ƙwarai. Na ɗauki lokacin tartsatsi, lambar juriya, ƙarar tsakuwa, gabatarwa da jinkirtawa. Fulogi zan ce, in haɗa da buji a ambaton farko. Saura kwantak da kwandensa, su kam yadda suke zan bar su, sai dai in wani ya kawo wata kafin daren Laraba.