Shawarwarin da aka bai wa malamin da ke neman kujerar majalisar jiha

Wani tsohon shugaban makaranta da ya yi ritaya ya nemi shawarar abokan aikinsa kan tsayawa takarar majalisar dokokin jiha. Ga abin da aka fi nanatawa.

Da farko an tuna masa cewa Kundin Tsarin Mulki na 1999 bai ba da damar takara ba tare da jam'iyya ba, don haka ya yi rajista da wata jam'iyya a mazaɓarsa tun da wuri. Sharaɗin ajiye aikin gwamnati kwana 30 kafin zaɓe bai shafe shi ba, tunda ya riga ya bar aiki.

Inda aka fi daɗewa shi ne batun kuɗi. Kusan kowa ya ce kada ya kuskura ya taɓa kuɗin sallamarsa ko ya sayar da gida domin sayen fom. Zaɓen fidda gwani ya fi babban zaɓe cin kuɗi da wahala, kuma wanda ya faɗi ba a mayar masa da ko kwabo. A ganina wannan ce shawarar da ta fi kowace nauyi, domin iyali ne ke ɗanɗana kuɗarta.

Jarinsa na gaskiya tsofaffin ɗalibansa ne. Su za su shiga gida-gida, su tsaya masa wakilai a rumfunan zaɓe har a ƙirga ƙuri'a.

Wata malama ta ƙara da cewa ya guji alkawarin titi da rijiya, ya yi magana kan kasafin ilimi da fanshon malamai, waɗanda majalisa ke da ta cewa a kansu.