Jan farce kalar shokola a wannan sanyin: wa ta gwada?

'Yar Birni:
Salamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da war haka. Dan Allah tambaya gare ni, tunda kaka ta shigo bukukuwa sun fara yawa sai ganin kalar shokola nake a hannun 'yan mata, maron nan mai duhu, kuma wallahi ta burge ni don ja ya ishe ni haka nan. Ina da bikin ƙanwar mijina cikin Nuwamba kuma lissafina ya nuna zan kasance cikin fashin salla. Wadda ta taɓa sawa ta faɗa mini gaskiya, tana karɓar baƙar fata? Kuma kwana nawa take yi a hannun mai wanke-wanke?

Maman Biyu:
Wa alaikumus salam. Tana karɓa sosai ma, amma fa shokola kala-kala ce. Akwai mai haske wadda ta yi kusa da ruwan ƙasa, ita a hannuna ɓacewa ta yi, daga nesa ba a ma gane na sa komai. Wadda ta yi mini ita ce mai duhu mai ɗan ja a ciki kamar busasshen dabino. Ni a Kasuwar Dole ta nan Damagaram na saya wajen masu kayan kwalliya, kuma kar ki yarda da kalar kwalba, ki ce ya ɗiga miki a farce ɗaya ki fito rana ki duba, cikin rumfa duk baƙi-baƙi suke.

Mai Salon a Sabon Gari:
Ƙanwata aikina ke nan, bari in ɗan tsawaita. Kala mai duhu ba ta ɓoye laifi, in ta ɗan ɓantare a baki kowa zai gani, ba kamar mai haske ba. To abin da nake yi wa masu zuwa wajena, farko a goge farcen da disolban, wato ruwan goge jan farce, ko da babu komai a kai saboda maiƙo, sannan a sa farin nan na ƙasa mai kama da ruwa, wannan dole ne, in ba haka ba ranar da kika goge za ki tarar farcenki ya yi rawaya-rawaya kuma sai ya ɗauki lokaci kafin ya washe. Sai kalar shafi biyu marasa kauri, a bar na farko ya sha iska tukuna, kuma a bi bakin farcen da burushin don nan ne yake fara tashi. Sai mai ƙyalli a sama.
Matsalarmu a Damagaram biyu ce, zafi da ƙura. Kwalbar da ta yini a rana a teburin mai talla ta riga ta yi kauri tun kafin ki saya, ki juya ta ki gani, in ba ta gangarowa da sauri ki bar masa abinsa. Kuma kar a zuba disolban a ciki wai don ya tsinke, lalata shi yake yi. Ƙura kuwa, in iskar hunturu ta taso kar ki shafa a tsakar gida, ki shiga ɗaki ki rufe taga. Na sha ganin amarya ta fita da ɗanyen fenti ta hau kabu-kabu ta dawo mini da yashi manne a farce goma.

'Yar Birni:
Tanti na gode ƙwarai. To shi wanda ake gasawa da fitila fa?

Mai Salon a Sabon Gari:
Jel ke nan, yana kai sati biyu zuwa uku, to ke da kike da 'yan kwanaki ina amfaninsa. Cire shi ma aiki ne, sai an jiƙa da asiton an naɗe kusan minti 15, in aka ɓanɓare da ƙarfi farcen ne ke tafiya tare da shi. Ki sa na kwalba kawai.

Amaryar Karkada:
Ni kam kwana uku ya yi mini. Kun san halin ruwa a garin nan, in famfo ya kawo cikin dare tashi ake a cika jarkoki da baho, washegari ga wanki ya taru ga omo, to buɗe murfin jarka kaɗai ya isa ya ɓantare miki babban yatsa. Amma ranar bikin dai ya yi kyau da leshina mai ruwan madara, hotuna sun fito sosai. Ki sa ana gobe kamu, kar ki sa tun farkon sati.

Hajiya ta Zango:
'Ya'yana ku dai kula da maganar tsarki. Ba alwala kaɗai ba, wankan ma sai an goge tas kafin a yi shi, kuma kala mai duhu tana maƙalewa a gefen farce inda auduga ba ta kaiwa, sai an naɗa audugar a tsinke an bi lungun. Ɗiyata ta zo da wani jan farce daga Kano wai ruwa na ratsa shi, na ce mata malamai ba su haɗu a kan wannan ba, ni hankalina bai kwanta ba. Ni lalle nake sawa, jan lalle na gargajiya in kwaɓa da ruwan shayi mai ƙarfi da kanumfari, in maimaita dare uku a jere, yana yin duhu har ya kusa kalar da kuke nema, ga salla ba fashi. Sai dai ba ya gogewa, sai farcen ya fito da kansa, wata huɗu zuwa shida.

Ma'aikaciyar Jinya:
Hajiya ta yi gaskiya, in ƙara da cewa ku guji baƙin lallen nan mai kamawa cikin minti kaɗan, sinadarin rinin gashi ake sa masa, na ga hannayen da suka yi bororo saboda shi. Sannan masu tsohon ciki da wadda za a yi wa tiyata, dan Allah ku zo da farce fari. Ɗan abin nan da muke maƙala wa a yatsa don auna iskar jini haske yake harbawa ta farce, kala mai duhu kan iya rikita shi, kuma mu ma da ido muna duba launin farcen majinyaci.

Maman Biyu:
Na manta ban faɗa ba, sanyin nan yana busar da gefen farce ya yi fari fat, kuma kusa da maro mai duhu farin ya fi fitowa. Man kaɗanya kowane dare, amma bayan fentin ya bushe, ba kafin ba.

'Yar Birni:
Allah ya saka muku da alheri. Mai duhun zan nema in sha Allah. Maman Biyu ranar Alhamis zan shiga Dole, in kina da hali mu haɗu bayan la'asar ki nuna mini rumfar, zan zo da ƙyallen ankon mu gwada a kai.