An kwashe tsofaffin littattafai daga laburaren injiniya, ina zan same su?

Ɗalibar aji biyar:
Salamu alaikum. Ina rubuta aikin kammala karatu kan ginshiƙan kankare. Jiya na hau saman bene a laburaren tsangayarmu, na tarar an ɗebe kantocin mujallu, an jera tebura da wuraren cajin kwamfuta. Har kundin BS 8110 (ƙa'idojin Birtaniya na zana ginin kankare) da nake dubawa kullum, mai yagaggen bango, babu shi. Wallahi raina ya ɓaci, don a ciki na saba da lissafin rodi. Ina ake kai irin waɗannan?

Ma'aikacin laburare:
Wa alaikumus salam, ƙanwata. Galibi ba zubarwa ake yi ba, ɗakin ajiya ake kai su. Je wurin teburin aro, ki ba da sunan littafin da lambarsa, za a ɗauko miki. Sababbin mujallu kuwa yanzu ta intanet ake biyan kuɗinsu, a shafuka irin su IEEE Xplore da ScienceDirect. Ki tambaya yadda za ki shiga daga gida da lambarki ta ɗalibta.

Injiniyan gini:
Ki kuma yi magana da malaminki. Tun 2010 aka janye BS 8110, kundin ƙa'idojin Turai, Eurocode 2, ya maye gurbinsa. Tsohon yana da amfani wajen duba ginin da aka zana da shi, amma kada ki dogara da shi kaɗai.

Ɗalibar aji biyar:
Na gode ƙwarai. Gobe da safe zan je teburin aron.