Me ya sa mura ke tayar da asma?

Mai tambaya: Jama'a, me ya sa asma ke tashi da zarar mura ta kama mutum? Me ya kamata a yi?

Amsa ta 1: Ƙwayar cutar mura tana kumbura hanyoyin iska na huhu, majina ta taru, tsokar da ke kewaye da su ta matse. Shi ya sa tarin dare kan ɗauki makonni bayan murar ta wuce. Wani kuskure da ake yawan yi shi ne barin inhelar kariya ta kullum (maganin shaƙa da ke hana asma tashi) don an ji sauƙi.

Amsa ta 2: Idan numfashi ya toshe, a zauna a miƙe, kada a kwanta. A girgiza inhelar salbutamol (mai buɗe hanyoyin iska da sauri), a shaƙi fesa ɗaya duk bayan daƙiƙa 30 zuwa 60, har fesa 10. In ba sauƙi, ko magana ta gagara, ko leɓe ya canza launi, sai asibiti nan take.

Amsa ta 3: A kula da maganin murar ma. Asfirin da ibuprofen suna tayar wa wasu masu asma da ciwon, farasitamol ya fi aminci. Hayaƙi, ƙura, turare da iska mai sanyi kuwa ƙara rura wutar suke yi.